Zuwaira Mai Goyon Ɗaliba

Idan mutum ya bar Tudun Wada ya nufi Burumburum, akwai wani ɗan ƙauyen Fulani zaunannu da ko allo ba a kafa masa a bakin hanya ba, don babu wanda ya taɓa fitowa nemansa. A nan aka haifi Zuwaira, a nan aka yi mata aure, tsakanin gidan ubanta da na mijinta kuwa ko tuwo ba ya hucewa. Mutanen wurin suna da shanu kaɗan, suna da gonakin masara da dawa daidai gwargwado, amma abin da suka tara da yawa shi ne kunya. Ita ce kaɗai gadon da ake rabawa kowa ya sami kaso cikakke, mace ma har da ƙari.

Mijinta Jibrin mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ba ya ɗaga ko tulu. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa hana ta zuwa unguwa ba, bai kuma taɓa tambayarta abin da ke damunta ba. Duk abin da aka kawo masa, na daɗi ko na baƙin ciki, sai ya gyara hula ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya koma gindin ɗorawa.

Haihuwar fari ta zo mata mace. A al'adarsu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce tata ce. Ranar suna kuma aka raɗa wa jaririyar Hajara, sunan mahaifiyar Jibrin. Ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan suruka: an rufe ƙofa ke nan, an jingina mata turmi. Daga ranar, sunan nan bai ƙara bi ta bakin Zuwaira ba. In za ta kira yarinyar sai ta ce "ke". In za ta yi zancenta sai ta ce "ta ɗakin Inna", don ana yaye ta kakar ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Ita ma yarinyar da bakinta ya buɗe, Adda take ce wa Zuwaira, wato yaya.

Tana da shekara biyu da rabi zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku. Da ta tashi, ƙafafun ba su tashi tare da ita ba. Tsofaffi suka ce shan inna ne, suka kawo hayaƙi. Ma'aikatan asibiti ma suka ce shan inna ne, suka yi faɗa a kan ɗigon rigakafi. Kowa ya gama bayaninsa ya koma gida da ƙafafunsa. Zuwaira ta yi kukanta a bayan rumbu inda ba mai gani, ta share fuska ta dawo ta ci gaba da daka. Ta haifi maza uku bayan haka, su kam tana kiran sunansu har maƙwabta su gaji.

Tsohuwa Inna Hajara ce ta riƙa goya takwararta zuwa firamare, har ta rasu yarinyar tana da shekara tara. Daga nan hedimasta Malam Mudi ya samo keken guragu mai ƙafa uku. Hanyar makarantar akwai yashin rafi da keken ba ya iya ci, sai Zuwaira ta riƙa bin ta a baya da ƙwarya a ka, wai za ta tallan nono. In sun zo yashin ta tura, in sun fita ta saki, ta kawar da kai kamar ba ta san mai keken ba. Duk ƙauyen sun san babu mai sayen nono a wannan hanyar.

Kan yarinyar kuwa kamar an wasa shi. Ta yi makarantar kwana ta 'yan mata can wajen Kiru, inda ajujuwa duk a ƙasa suke, ta fito da sakamakon da ya sa Malam Mudi yawo da takardar a aljihu mako guda. Wata jami'a a birni ta ɗauke ta karatun ilimin sinadarai. Jibrin ya gyara hula. Zuwaira ta ɗaure kayanta ta ce za ta raka ta ɗakin Inna ta yi mako ɗaya ta dawo. Ta sauka wurin Goggo Zulai, ƙanwar marigayiya, wadda ke sayar da fura da nono a ƙaramar ƙofar jami'ar tare da wasu mata 'yan Doguwa da Tiga.

A ranar farko suka ga abin da takardar shiga ba ta faɗa ba. Sashen su Hajara yana hawa na biyu, ɗakin gwaje-gwajen ma yana can, kuma tsakanin ƙasa da shi akwai matakala arba'in da biyu. Wanda ya zana ginin, Allah ya ba shi lafiya, bai taɓa ganin gurgu ba. Zuwaira ta dubi matakalar, ta dubi yarinyar, ta kwance mayafi ta ɗaura shi majanyi, ta durƙusa ta ce, "Ke, hau." Mako ɗayan nan shi ne ya zama shekara huɗu.

A cikin jami'ar akwai wani ofis da ake kira Cibiyar Ci-gaban Mata. Bakina ba ya raga wa ofisoshi, amma wannan dai ya yi aiki. Sun buɗe ɗakin reno don ɗalibai masu goyo, sun samo masu fassara da hannu don kurame, su ne kuma suka ba Hajara ɗaki a ƙasa a gidan kwanan mata da keken turawa sabo fil. Mai kula da ɗalibai masu larura wata Malama Khairiyya ce, 'yar birni, mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ta rubuta wa sashen wasiƙa har sau biyar a kan a sauko da darussa ƙasa. Sashen ya amsa da cewa kwalabe da bututun gas ba sa saukowa.

Ita ce ta kira su ofis a mako na biyu. Ta ce akwai katin da ake ba mai taimaka wa ɗaliba irin Hajara, ya shiga ya fita ba mai tare shi, amma sai ɗan'uwa na jini, don an taɓa samun waɗanda suka yi wasa da shi. Ofishin cike yake da mutane, har da mai ɗaukar hoto. Ta ji Hajara ta ce Adda, sai ta ɗauki biro ta tambayi Zuwaira ko yayarta ce. Zuwaira ba ta ƙarya, ta ce a'a. Goggonta? A'a. Matar yayanta? A'a.

"To, Baba, ke mece ce a wurinta?"

Zuwaira ta dubi ƙafar tebur. Can ta ce, "Gidanmu ɗaya."

Malama ta juya ga Hajara. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma tana bakin yarinyar. Amma mai sunan Inna ta gaji tsohuwar har da taurin kai. Shekara goma sha tara tana jiran ta ji matar nan ta ce tata ce, ga shi yau hukuma da kanta ta tambaya. Sai ta ɗaga ido ta kafa wa silin, ta ce a ranta in ba ta faɗa ba, ni ma ba zan faɗa mata ba. Malama ta jira, ta jira, ta rubuta maƙwabciya, ta ce ta yi haƙuri, ƙa'ida ba ta ba da kati ba.

A lokacin babu wanda ya ɗauki abin da zafi. Masu gadin ƙaramar ƙofa sun san Zuwaira, suna shan furarta, da sun hango ta sai su ɗaga ƙarfe. Kullum da safe ta ajiye ƙwaryarta wurin Goggo Zulai, ta je gidan kwana ta turo keke zuwa gindin bene, ta ɗaura majanyi, ta hau. Da rana ta sauko da ita, wani lokaci ta sake hawa da la'asar. Ɗalibai sun yi dariya a zangon farko, sun ɗauki hoto a na biyu, a na uku sun daina gani. Malama Khairiyya ta fara zargin wani abu, don fuskokin nan biyu kamar an tsaga kara, ta aika a kira Zuwaira sau biyu. Zuwaira ta ce nononta zai yi tsami. Ta gwammace matakala arba'in da biyu a kan tambaya ɗaya.

Goyon jariri shekara biyu ne a yaye. Wannan kuwa budurwa ce mai nauyin rabin buhun masara. A shekara ta uku bayan Zuwaira ya fara magana. A ta huɗu ƙafarta ta hagu ta fara mutuwa in ta kai tsakiyar bene, sai ta tsaya ta jingina da bango, wai tana gyara majanyi. Wata ma'aikaciyar asibitin makarantar ta danna mata ƙashin baya ta ce in ba ta daina ɗaukar nauyi ba, wata rana ita ma sai an ɗauke ta. Zuwaira ta yi godiya ta fito. Lissafinta ɗaya ne a duniya: bayan nan ya kai yarinyar ƙarshen karatu kafin ya ƙare. Tana ƙirga watanni da yatsu, daga baya makonni, har ya rage takarda ɗaya, ranar wata Laraba, ƙarfe tara na safe, a hawa na biyu.

Tun takwas da kwata ta iso ƙofa. Sai ta tarar da baƙin fuskoki. An kama wasu masu kai abinci da satar amsa a cikin kula, shi ne hukuma ta sauya masu gadi a makon, ta ce duk wanda ba ɗalibi ba, ba ma'aikaci ba, sai da kati. Shugabansu wani dattijo ne, Audu, mai takarda a hannu. Ba mugu ba ne. Ya saurare ta, ya duba takardar da Cibiya ta aiko, ya ce masu keke mata huɗu ne, ta faɗi sunan tata da abin da take a wurinta, ya rubuta ta wuce, shi ma yana da 'ya'ya.

Zuwaira ta buɗe baki. Iska ce ta fito.

Goggo Zulai ta taso daga kan ƙwaryarta ta ce Hajara Jibrin ce, uwarta ce wannan. Audu ya ce ba Goggo ce za ta shiga ba, kuma jiya ma haka aka yi masa, wata ta tsaya a gefe tana jefo wa wata suna. Wace irin uwa ce sai an tuna mata sunan 'yarta? A garinsu babu wannan. Matan nono suka kewaye Zuwaira, waɗannan da take tsoron su kai labarinta gida, su ne ke roƙonta. Goggo Zulai ta ce, "Faɗi mana, 'yar nan. Yayata ta mutu, ba za ta ji ba. In ma ta ji, ni na yafe a madadinta." Amma abin ya wuce tsoron mutane. Shekara ashirin da uku harshe bai bi hanyar nan ba, ciyawa ta rufe ta.

Sai ta yi dabara irin tamu ta mutanen ƙauye, wadda ke ƙara wa tafiya nisa. Ta tuna akwai wata kafa a katanga can bayan gidan kwanan mata, inda masu wanki ke shiga. Ta juya ta kama hanya tana jan ƙafa. Ta yi tafiyar rabin awa ta tarar an toshe kafar da sabon bulo, simintin ko bushewa bai yi ba. Ta dafa shi da hannu biyu. Sannan ta juyo.

Da ta dawo ƙofa, layin ɗalibai ya ƙare. Ta tsaya gaban Audu, gumi har cikin ido, ta ce da wata murya da ita ma ba ta san ta ba, "Hajara Jibrin. Ni na haife ta." Matan nono duk suka sunkuyar da kai kamar ta tuɓe. Audu ya dubi fuskarta, ya ɗaga ƙarfe, ko rubutawa bai yi ba.

Ɗakin yarinyar a kulle. Wata ƙawarta ce ta turo ta da ta ga lokaci na tafiya. A gindin bene Zuwaira ta tarar da keken, babu kowa a kai. Daga baya ta ji yadda aka yi. Samari biyu sun ce za su ɗauke ta, Hajara ta ce namiji ba zai taɓa ta ba, kuma Adda ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. 'Yan mata sun gwada ɗaga ta da keken suka kasa, aka kaɗa ƙararrawa suka haye suna ba ta haƙuri. Ta jira minti goma ita kaɗai. Sannan ta sauko ƙasa, ta kama biro da haƙori, ta fara hawa da tafin hannu tana jan ƙafafu.

Zuwaira ta hau tana bin sawun da zanen yarinyar ya share a kan ƙurar matakala. A sama ta same ta zaune a ƙofar ɗakin jarrabawa, tafukanta sun ɗaye, biro na kan cinyarta. Malamin da ke tsaro ya riga ya gaya mata: ta iso bayan minti arba'in, ƙa'ida rabin awa ce, kuma har wani ya miƙa takardarsa ya fita da tambayoyin a kansa. Ya ce ya ji tausayi. Ya koma ya rufe ƙofa a hankali, don kada ya dami masu rubutu.

Hajara ba ta yi kuka ba. Ta tambayi Adda yadda aka yi ta shigo, tunda ta ji an ce yau sai da kati. Zuwaira ta ce ta faɗa.

"Me kika faɗa?"

Zuwaira ta shiga gyara majanyi.

"Mai gadi ya ji," in ji Hajara. "To, madalla da mai gadi."

Zuwaira ta durƙusa ta ba ta baya. Suna cikin sauka, wajen matakala ta goma sha tara, wani abu ya ce ƙas a ƙugunta kamar an karya kara. Ba ta saki goyon ba. Ta ƙarasa sauran tana riƙe da ƙarfen gefe, ta ajiye yarinyar a keke, ta gyara mata ƙafafu a kan matakin, sannan ta zauna a ƙasa. Mutum huɗu ne suka ɗauke ta daga wurin.

Malama Khairiyya ta yi iya nata. Ta rubuta, ta hau ofisoshi, ta yi faɗa da mutanen da suka girmi ubanta. Kwamiti ya zauna sau biyu, ya sha shayi, ya ce darasin sau ɗaya ake yin sa a shekara, ɗaliba ta dawo baɗi. Game da ɗakin jarrabawa a ƙasa kuwa, za a duba idan an sami sarari.

Da damina ta tsaya, Malama ta tuko motarta da kanta har ƙauyen, ta kafe a yashin rafin nan, aka turo ta. Ta tarar da Zuwaira kwance a tabarma, ba ta iya miƙewa sai da sanda, in ta miƙe ma a lanƙwashe. Ta durƙusa ta gaishe ta ta ce ita ma 'yar fari ce, amma tata uwar tana kiran sunanta sau goma kafin karin kumallo, shi ya sa ba ta gane ba. Ta ce sun gyara takardar: yanzu ɗaliba ake tambaya, ita kaɗai, a ɗaki, kuma an ƙara layi a kan ko akwai kunya a tsakani. Waɗanda za su zo a baya sun huta. Sannan ta fito da kati mai igiya shuɗiya, da hoton Zuwaira, an rubuta Uwa a ƙasansa. Zuwaira ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Yana nan rataye a ƙusa, kusa da ludayi. Jibrin ya duba shi ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Yanzu saura wata uku jarrabawar ta zagayo. Daga sashen ba a sake jin komai a kan sarari ba. Kwanan baya Zuwaira ta faki idon mutane ta sa aka ɗora mata kwano goma na masara a baya, don ta gwada. Taku huɗu ta yi. Hajara tana kallo daga ƙofar ɗaki. Washegari da sassafe aka ga kekenta a gindin dutsen bayan gida, ita kuma tana can tsakiyarsa tana hawa da hannu, da agogo a wuya. Kullum sai ta hau. Ta ce tana so ta riƙa kaiwa sama cikin minti goma sha biyar.

Akwai wani maraƙi da ya mutu musu bara, aka jeme fatar aka ajiye. Zuwaira ta sa aka ɗauko mata ita. Ta yi kwana huɗu tana yanka tana ɗinka safar hannu a kwance, ta ninka fatar biyu, ta cusa auduga a tsakani, ta yi wa kowane ɗaya maɗauri a wuyan hannu. Da ta gama, yarinyar na zaune a bakin ƙofa da littafi, babu kowa a gidan sai kaji. Zuwaira ta daɗe tana kallon ƙeyarta. Leɓenta ya motsa sau biyu.

Ta ce, "Ke, miƙo hannunki in gwada."

Hajara ta miƙa, ba ta ɗaga kai daga littafin ba. Na dama ya yi daidai. Na hagu ya ɗan yi yawa, Zuwaira ta warware ta sake ɗinkewa.